Rawar Bauta ta Indiya da Sawunta a Kano

Rawar gargajiya ta Indiya a ɗakunan bauta ta tsiro. Bharatanatyam daga Tamil Nadu ta fito, Odissi daga Odisha, Kathak kuwa daga arewa, inda daga baya ta shiga fadar sarakunan Mughal. Wani jigon da suke yawan komawa kansa shi ne soyayyar Radha da Krishna, wadda mabiya addinin Hindu ke ɗauka a matsayin begen ɗan Adam ga abin bautarsa. Mawaƙi Jayadeva ya waƙe ta a littafin Gita Govinda a ƙarni na 12. Galibi mai rawa ba ta cewa uffan: yatsu da gira da ƙwayar ido ne ke ba da labari, ƙananan ƙararrawa a idon sawunta suna riƙe kiɗa.

Kanawa a sinima suka san wannan rawa, tun da 'yan kasuwar Labanan suka fara kawo finafinan Indiya a shekarun 1950. A fim ɗin Mughal-e-Azam na 1960, jaruma Madhubala ta taka Kathak a matsayin Radha. Har gobe ma'aikacin masana'antar Sharada ko Challawa kan koma gida Panshekara ya kunna fassarar fim ɗin Indiya.

Sha'irai masu bandiri, irin su ƙungiyar Ushaƙu Indiya ta Kano, sun yi zaɓe na hankali: suka bar rawar da labarin Krishna, suka ɗauki karin waƙa kaɗai suka ɗora masa begen Annabi (SAW). Duk da haka wasu malamai sun soki lamarin, suna ganin karin fim bai dace da yabo ba.