Makomar Karatun 'Ya'yan 'Yan Gudun Hijira a Ƙasar Katsina

 Ya ku 'yan'uwa Musulmi, maganarmu ta yau a kan yaran Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa take, waɗanda 'yan bindiga suka raba da gidajensu, kuma ƙofar jami'a take neman rufewa a gabansu.

Ba mu manta da daren 11 ga Disamba, 2020 ba, lokacin da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara. An sako su bayan kwana shida, amma gwamnati ta rufe makarantun kwana, kuma iyaye da yawa sun tsorata da mayar da 'ya'yansu. A watan Satumba na 2021 kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan uku. Duk wannan ya faɗo ne a kan yaran da suke shirin rubuta jarrabawar fita sakandare.

Wajibi ne mu fahimci wani bambanci. Wanda ya tsallaka iyaka, kamar dubban mutanen Katsina da Zamfara da Sakkwato da suka shiga yankin Maraɗi a 2019, yana ƙarƙashin kulawar hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Irinsa yana iya neman tallafin karatu na DAFI, wanda Jamus ta kafa a 1992, ko da yake a can Faransanci yana tare masa hanya. Duk da haka, lissafin hukumar na 2023 ya nuna bakwai cikin ɗari kawai na matasan 'yan gudun hijira a duniya suke samun karatun gaba da sakandare. Amma wanda ya gudo daga ƙauyen Faskari zuwa Funtuwa bai bar ƙasarsa ba, don haka wancan tallafi bai shafe shi ba. Haƙƙinsa yana wuyan gwamnatin Nijeriya, wadda ta amince da Yarjejeniyar Kampala a 2012, kuma yana wuyanmu.

To, mene ne yake hana shi shiga jami'a? Na farko, takardu. Tun daga 2021 hukumar JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da lambar shaidar ɗan ƙasa. Jami'a tana neman kiredit biyar, har da Turanci, da takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda galibi sai mai gari ya shaida mutum. Yaya yaron da aka ƙone gidansu, mai garinsu ma ya gudu, zai haɗa waɗannan? Na biyu, jarrabawar JAMB da kwamfuta ake yin ta, alhali yaron bai taɓa zama gabanta ba. Na uku, kuɗi, domin uban da aka hana noma ba ya da abin sayarwa.

Abin takaici shi ne guraben suna nan. A tsarin ɗaukar ɗalibai na jami'o'in tarayya an ware kashi 20 cikin ɗari ga jihohin da aka bari a baya wajen ilimi, kuma Katsina tana cikinsu. Ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ga ta Umaru Musa 'Yar'aduwa, ga Al-Qalam, ga makarantar share fagen shiga Jami'ar Ahmadu Bello a Funtuwa. Tun 2024 kuma akwai asusun bashin karatu na NELFUND, sai dai wanda ya riga ya samu gurbi ne yake cin moriyarsa.

Saboda haka muna kira ga kowane masallacin Juma'a da ya ƙidaya yaran masu hijira na unguwarsa da suka gama sakandare. Malamanmu na boko su ba su darasi kyauta da yamma, masu shagon kwamfuta su koya musu aiki da ita. Mawadata su biya musu kuɗin rajista daga zakkarsu, domin matalauci da matafiyin da guzurinsa ya ƙare suna da rabo a cikinta. Hakimai da shugabannin ƙananan hukumomi su sauƙaƙa bayar da takardar asali a inda mutanen suke zaune. Kada kuma a bar 'yan mata a baya, don asibitocin karkararmu likitoci mata suke jira.

Mutanen Madina ba abinci kaɗai suka ba Muhajirai ba, sun riƙe su 'yan'uwa har suka tsaya da ƙafafunsu. Matashin da muka bari babu karatu babu sana'a, akwai masu jiransa a daji. Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya, Ya ba mu ikon sauke wannan nauyi.