Malam Buɗe Littafi A Bakin Tafkin Kainji

 

Da aka ce in yi jawabi, na san wasu sun zaci zan yi magana a kan kifi ko shinkafa, tunda su ne arzikinmu a ƙasar Ngaski da Yauri da Shanga. To amma na zaɓi wani ɗan ƙwaro da muka raina, wato malam buɗe littafi.

Duk wanda ya tashi a Wara ya san irin taron da suke yi a bakin ruwa, farare da rawaye, a kan danshin da shanu suka tattake. Muna yara mukan bi su a guje har mu makara. Ashe gishiri suke tsotsa daga laka da fitsarin shanu. Galibinsu maza ne, kuma namiji yakan ba macen wani kaso na gishirin wajen barbara, ya amfani ƙwayayenta.

A Turai akwai wani ɗan'uwansu da aka sa wa sunan farar wuta saboda launin namijin. Yana cikin masu tsawon rai, don yakan kusa shekara guda, yana laɓe cikin ganye duk tsawon hunturu. Namu na nan, wanda masana ke kira Catopsilia florella, dabararsa daban ce: matafiyi ne, yakan yi ƙaura ayari-ayari zuwa inda ganye yake. Namiji fari ne mai ɗan kore-kore, mace kuwa sau da yawa rawaya ce.

Rayuwarsa hawa huɗu ce. Da ƙafafunta mace take ɗanɗana ganye, sai ta tabbatar da shi sannan ta saka ƙwai. Ƙwan ya ƙyanƙyashe tsutsa koriya, ta ci ta ƙoshi, ta rataye a jikin kara ta ƙulle kanta, daga bisani mai fiffike ya fito. Garin nan da yake manne mana a yatsu in mun kama shi, ƙananan ɓawo ne da suke ba fiffiken launinsa.

Ga inda gizo ke saƙa. Tsutsar ba ta cin kowane ganye, sai na dangin raiɗore da tafasa. Tafasar nan dai da iyayenmu mata ke yi mana kwaɗo da ita. Yau kuwa maganin ciyawa ya zama ruwan dare, ana fesa shi har gefen hanya da bayan gida, ga kuma ƙunar daji da rani. In babu ganyen, babu tsutsa. In babu tsutsa, babu malam. Shi kuwa yana cikin masu kai garin fure daga wannan tsiro zuwa wancan, tsutsarsa kuma abincin tsuntsaye ce.

Mu mun san zafin rashi. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya ci garuruwa, aka sake wa dubban mutane matsuguni. Wancan rashin kowa ya gan shi. Wannan kuwa a hankali yake zuwa, ba a farga ba.

Littafin da masanin nan Torben Larsen ya wallafa a 2005 ya nuna akwai wajen iri 1,500 a Afirka ta Yamma. Nawa ne a ƙasarmu, kuma me Kambari da Gungawa suke kiran su? Aikin yaranmu ke nan.

Don haka ina roƙon ƙungiya abu biyu. A keɓe ɗan fili a bayan ɗakin kimiyya, a bar tafasa da raiɗore su tsiro, kada a yi feshi. Sannan a saya wa ɗalibai littafin rubutu, su riƙa rubuta abin da suka gani da kwanan watansa. Kuɗin bai taka kara ya karya ba.

Allah Ya ba mu ikon kula da halittunsa.