Idan Mai Gida Ya Karye, Ina Makomar Ɗan Haya?

Shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa, 'yan uwa na nan Guangzhou da waɗanda za su karanta wannan jawabi a gida, ina gaishe ku.

An nemi in yi magana kan abin da ke damun da yawanmu masu haya a Xiaobei da Sanyuanli: idan bashi ya karya mai gida, me zai faru da wanda ke ciki? Kuma zai iya sayen gidan?

Tambayar ta zo a kan gaɓa. Kamfanin gine-gine na Evergrande, wanda aka kafa a wannan gari a 1996, ya kasa biyan bashi a ƙarshen 2021, bashin da ya haura dala biliyan 300, kuma a Janairun 2024 kotu a Hong Kong ta ba da umarnin rushe shi. Tun daga lokacin farashin gidaje ya faɗi, masu gidaje da dama da suka ci bashin banki suka shiga matsi. Idan mutum ya kasa biya, banki kan kai ƙara, kotu ta riƙe gidan, ta sa shi gwanjo a intanet, galibi a shafin Taobao ko JD.

To, dokar Sin ba ta bar ɗan haya a banza ba. Kundin dokar farar hula da ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2021 ya ba shi kariya biyu. Sashe na 725 ya ce sauya mai gida ba ya soke yarjejeniyar haya, sabon mai gida zai bar ka har wa'adinka ya cika. Sashe na 726 kuma ya ce idan za a sayar da gidan, sai an sanar da kai, kuma kai ne kan gaba wajen saye muddin za ka biya abin da wani ya taya, sai dai idan mai sayen abokin tarayya ne a gidan ko ɗan uwan mai gida na kusa.

Malamanmu da ke nan za su tuna da shuf'a. A mazhabar Malikiyya, abokin tarayya ne ke da wannan haƙƙi, ɗan haya ba ya ciki. A nan kuwa an ba ɗan haya, amma da wa'adi. Idan aka sanar da kai ka yi shiru kwana 15, ka yafe ke nan. Idan ta hanyar mai gwanjo za a sayar, za a gaya maka kwana 5 kafin ranar, in ba ka shiga ba an wuce da kai.

Ga kuma wani tarko. Idan an riga an jinginar da gidan ga banki kafin ka kama haya, kotu na iya ɗage hayarka ta sayar da gidan babu kowa a ciki. Saboda haka kafin ka sa hannu, ka nemi ganin takardar mallakar gidan, ka tambaya ko akwai jingina a kansa.

Abin da ke cutar da mu shi ne haya ta baka, ko haya da sunan wani ɗan gari. Wanda sunansa ba ya kan takarda zai sha wuya wajen kare haƙƙinsa a kotu. Ku rubuta yarjejeniya da sunanku da lambar fasfo, ku biya ta banki, ku adana rasit, ku guji biyan kuɗin shekara gaba ɗaya ga dillali. A ƙarshen 2020 kamfanin Danke ya durƙushe bayan ya karɓi kuɗin 'yan haya bai miƙa wa masu gidaje ba, aka yi ta korar mutanen da suka riga suka biya.

Mai niyyar saye kuma ya sani cewa ƙasar birni ta gwamnati ce, ana ba da izinin amfani da ita shekara 70 ga gidan zama. Ya ɗauki lauya ya duba ko izinin zamansa ya ba shi damar saye a matsayinsa na baƙo, ya karanta sanarwar gwanjon da kyau don sanin haraji da sauran basussukan da za su hau kansa, kuma kada ya taɓa jarin kaya. Araha ba ta ado.

'Yan uwa na gida, darasin ya shafe ku. Idan mai gidanku ya ce zai sayar muku don ya biya bashi, ku je ma'aikatar filaye ku duba ko takardar tana hannun banki, domin dokar filaye ta 1978 ta sa amincewar gwamna sharaɗi ne wajen sauya mallakar fili mai takardar gwamnati.

Ina roƙon shugabanni su samo mana lauya ɗaya mai jin Turanci da Sinanci, wanda kowane ɗan ƙungiya zai nuna wa takardar haya kafin ya sa hannu. Allah Ya rufa mana asiri, Ya mai da mu gida lafiya.