Wa Zai Gyara Garun?

Karatu: Nehemiya, sura 1 zuwa 3



A wata ikilisiya ta ƙauye da na yi hidima, rufin majami'armu ya yi damina uku yana yoyo. Dattawa sun ce kafinta ne ya cuce mu. Ma'aji ya ce jama'a ba sa ba da baiko. Ni kuwa, bari in faɗi gaskiya a gaban Allah, kullum sai in ce faston da na gada ne ya bar aikin haka. Mun yi taro har mun gaji, kowa ya fita da gaskiyarsa, ruwa kuwa yana zuba a kan benci. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

To, mu duba Nehemiya. Babilawa sun rushe Urushalima a shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu. Bayan wajen shekara 140, labari ya iske Nehemiya a Shushan, inda yake shayar da sarkin Farisa, cewa garun birnin a rushe yake, ƙofofinsa kuma a ƙone. Wa ya fi shi samun waɗanda zai ɗora wa laifi? Ga Babila, ga sarakunan Yahuza da suka bi gumaka, ga waɗanda suka riga shi komawa ƙasar. Ba a ma haife shi ba sa'ad da birnin ya fāɗi. Amma da ya durƙusa yin addu'a, sai ya sa kansa da gidan ubansa cikin masu zunubin. Wannan abu yana ba ni kunya duk lokacin da na karanta shi.

Bai tsaya ga hawaye ba. Ya roƙi sarki izini da wasiƙu da katako. Da ya isa Urushalima ya yi kwana uku, sa'an nan ya fita da dare, ya zaga ya ga ɓarnar da idonsa, kafin ya yi wa shugabanni magana.

Sura 3 mutane da yawa sukan tsallake ta, wai sunaye ne kawai. Kada ku tsallake. A can za ku ga firistoci da maƙeran zinariya da masu yin turare suna ɗaukar duwatsu. Za ku ga Shallum yana gini tare da 'ya'yansa mata, waɗansu kuma suna gyara wurin da yake daura da gidajensu. Amma mutanen Tekowa ne suka fi taɓa zuciyata. Manyansu sun ƙi sa hannu a aikin. Da mu ne, da mun zauna gindin bishiya muna zagin shugabanni har rana ta fāɗi. Su kuwa suka gama rabonsu, a aya 27 kuma sai ga su a kan wani sashi na biyu. Sura 6 ta nuna mana an gama garun cikin kwana 52.

Ba na ce mai laifi ba shi da laifi ba. Nehemiya kansa ya tsauta wa manyan da suke cin amanar matalauta, amma ya yi haka ne yana tsakiyar aikin.

Ɗan'uwa, wataƙila naka garun aure ne, kai da mai ɗakinka ba ku yi magana mai daɗi ba tun bara, kana jiran ita ta fara. 'Yar'uwa, wataƙila yaronki ne ya lalace, kin ce malamai, malamai sun ce gida.

Rufin nan namu, wata gwauruwa ce daga Zumuntar Mata ta sayar da akuyarta, ta kawo kwano biyu da ƙusa ta ajiye a ƙofar gidana, ba ta ce kome ba. Ran Asabar na hau tsani da kaina, dattawa biyu suka riƙe mini.

Mu yi addu'a. Ya Uba, ka gafarta mana, ni da gidana. Ka nuna wa kowannenmu wurin da ya tsage daura da ƙofarsa, ka kuma ƙarfafa hannuwanmu. Cikin sunan Yesu, amin.