Gawo Abokin Manomi



Magabata kan ce gawo ya ƙi ruwan Allah, don da damina yake kaɗe ganye, da rani ya yi kore shar. To, nan amfaninsa yake: ganyen ya zama taki, inuwa kuma ba ta danne gero.

In za ku saro wa bisashe ganye, kada ku yi masa aski ƙwal, don ba zai yi 'ya'yan kirki baɗi ba. Ku rage rassan ƙasa kurum, da gatari mai kaifi. Ku fara sara ta ƙarƙashin reshe, kada ɓawo ya ɗaye. Ɗan gawon da ya tsiro a gona, ku bar masa reshe guda miƙaƙƙe, ku cire sauran.

Allah ya ba mu damina mai albarka.