Gashi a Gida: Me Mai Kafa Kamfani Zai Sayar?

 

Duk wanda ya taɓa jinyar mai shanyewar ɓarin jiki ya san cewa ranar sallama daga asibiti ake fara ainihin wahala. An ce ku riƙa zuwa gashi sau biyu a mako. Dattijo ba ya iya tsayuwa, sai majiya ƙarfi biyu sun ciccibe shi, a ɗauki shatar adaidaita sahu zuwa Asibitin Ƙashi na Dala ko na Malam Aminu Kano, a bi layi. Na cikin birni ke nan. Ina ga na Rano ko Gwarzo? Mako na farko a je, na biyu a daure, kafin wata ya zagayo kuɗin mota ya cinye abin hannu, sai a haƙura. Hannu ya ƙage, ƙafa ta sandare, alhali da an ci gaba da motsa su da an ceto wani abu.

Wannan giɓi ne ya haifar da sana'ar da za mu tattauna. Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2020 ya ƙiyasta cewa mutum biliyan 2.4 a duniya suna da larurar da ke buƙatar irin wannan kulawa, kuma ciwon baya ne kan gaba. Kamfanoni sun hango kasuwa. Sword Health ya taso daga Fotugal a 2015, Hinge Health na Amurka kuwa ya shiga kasuwar hannayen jari ta New York a watan Mayun 2025. Aikinsu kusan iri ɗaya ne: majinyaci yana motsa jiki a ɗakinsa, kyamarar waya ko 'yar na'urar da aka ɗaura masa tana bin gaɓoɓinsa, manhaja tana ƙirga masa tana yi masa gyara, likitan gashi kuma yana duba rahoto daga nesa.

Amma ku tambayi kanku: wa ke biya? A Amurka galibi kamfanin da mutum yake wa aiki ne, ko inshorarsa. A Jamus dokar 2019 ta ba likita damar rubuta manhaja kamar yadda yake rubuta magani, inshora ta biya. A Najeriya fa? Sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun majinyaci da danginsa yake fita. Wanda ya kwaikwayo Hinge Health ya kawo Kano haka nan, ya ɗauko tukunya ya baro murhu.

A ganina, abin da za ku sayar a nan shi ne bibiya. Majinyata ba su rasa sanin abin da za su yi ba, an nuna musu a asibiti. Abin da suka rasa shi ne wanda zai tambaye su ranar Laraba ko sun yi, ya duba ko daidai suke yi, ya ƙarfafa musu gwiwa idan sun karaya. Kuma ku lura, wayar ba a hannun mara lafiya take ba, tana hannun mai jinya: 'yarsa, matarsa, ko ƙaninsa. Mai jinyar nan za ku gina wa kayan aikinku. Gajeren bidiyo da Hausa, wanda za a sauke sau ɗaya a kalla ba tare da data ba. Saƙon murya ta WhatsApp, domin ba kowa ke karanta boko ba. Mace ta nuna wa mata, cikin suturar da za su yarda su kalla a gaban surukai. Kayan motsa jikin su zama tabarma, bango, kujerar tsakar gida da gorar ruwa cike da yashi. Ku ɗaura lokacin atisaye da lokutan salla, bayan Asuba da bayan La'asar, ba za a manta ba. Burin dattijo ma ke nan: ya sake yin salla a tsaye, goshinsa ya taɓa ƙasa. Ku auna ci gabansa da wannan.

Masu ɗokin kyamara mai ƙirga motsi, ku yi haƙuri tukuna. Gwiwar da ke cikin zani ko babbar riga, a ɗakin da babu wuta, kyamara ba ta ganinta. Bidiyon minti ɗaya da mai jinya za ta turo duk mako, likita ya kalla ya amsa, ya fi amfani a yanzu, kuma kuɗinsa bai fi ƙarfin biyan mako-mako ba.

Sai batun amana. Kada a ɗora kowa kan wannan tsari sai likitan gashi mai lasisin hukumar MRTB mai kula da sana'ar ya fara duba shi ido da ido. Ciwon bayan da ya zo da mutuwar ƙafa da kasa riƙe fitsari, ko kumburin sha-raɓa bayan tiyata, ba na atisaye ba ne, na gaggawa ne, kuma dole tsarinku ya san lokacin da zai ce a tafi asibiti yanzu. Bidiyon mahaifiyar wani a cikin ɗakinta kuwa sirri ne. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta hau kanku, kafin ita ma tsoron Allah ya hau.

Roƙona ga ɗaliban kwamfuta shi ne ku taka zuwa sashen koyar da gashi, ku nemi abokin tafiya a can. Ku ɗauki majinyata 20 da yardarsu, ku bi su wata 3 da waya ɗaya da littafin rubutu, ku ƙirga nawa ne ke kan atisaye a mako na 12, nawa ne kuma suka yarda su sake biya. Ku yi wannan kafin ku kashe ko kwabo kan gina manhaja. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.