TSIBIRIN GORE DA KAGARAR DA TA YI GADIN DAKAR: Jawabin da Aka Gabatar a Bikin Cika Shekara Ɗari na Sarauta a Tsibirin Gobir

 



Gabatarwa

A harshen Hausa, tsibiri shi ne tudun da ruwa ya kewaye. Wannan gari ya ɗauki sunan tun sa'ad da Sarkin Gobir Mayaƙi ɗan Yakuba ya kafa shi a kwarin Gulbin Maraɗi wajen shekarar 1836, bayan yaƙin Gawakuke. To, akwai wani tsibirin can bakin Tekun Atilantika, a ƙasar Senegal, wanda ake kira Gore. Mai sauraro yana iya tambayar abin da ya haɗa Gobir da ruwan gishiri. Amsar ita ce, shekaru ɗarin da ake biki a kansu sun soma ne a ƙarƙashin mulkin Faransa, hedikwatar wannan mulki kuwa tana Dakar, mai gadin ƙofar Dakar shi ne tsibirin Gore. Wanda yake son ya gane abin da ya sami sarautun Nijar a wancan zamani, sai ya bi sawun umurnin da ake aiko musu har inda ya fito.

Tsibirin da Turawa suka yi ta ƙwace wa juna

Gore ɗan ƙaramin wuri ne. Tsawonsa bai wuce mita 900 ba, faɗinsa kuma kimanin mita 300, mai tafiya a ƙasa yana iya kewaye shi tsakanin la'asar da magariba. Amma Allah ya ajiye shi a daidai inda jiragen ruwa suke samun mafaka daga iska, kuma a gefensa na kudu akwai tudun baƙin dutse wanda duk jirgin da ya doso ana hangensa daga can.

Mutanen Fotugal ne Turawan farko da suka iso wurin, a shekarar 1444, ƙarƙashin wani matuƙi mai suna Dinis Dias. Daga baya mutanen Holan suka karɓe shi, suka raɗa masa sunan da ya rikiɗe ya zama Gore, suka kuma gina kagara biyu: ta Nassau a ƙasa, ta Orange a bisa tudu. A shekarar 1664 Ingila ta ƙwace, Holan ta sake ƙwatowa. A 1677 kwamandan jiragen yaƙin Faransa, Jean d'Estrées, ya ci tsibirin da yaƙi. Duk da haka Faransa ba ta sami sakewa ba, domin Ingila ta sake mamaye shi a 1758, da 1779, da kuma 1800, sai a 1817 ya koma hannun Faransa, ya zauna har zuwa samun mulkin kan Senegal a 1960.

Abin lura a nan shi ne, kowane mai mulki da ya zo sai ya ƙara wa ganuwa kauri, ya ƙara yawan igwa, amma hakan bai hana na bayansa fitar da shi ba. Daɗin daɗawa, tsibirin ba shi da wadataccen ruwan sha. Daga gaɓar tekun, ƙasar mutanen Lebu, ake kawo ruwa da abinci da itace cikin kwalekwale. Igwa tana hannun baƙo, amma tulun ruwa yana hannun ɗan ƙasa.

Zamanin cinikin bayi

Ba a ambaton Gore ba tare da an ambaci cinikin bayi ba. Gidan Bayi da ke can, wanda aka gina wajen 1776, yana da wata ƙofa mai kallon teku wadda ta zama alamar baƙin cikin duk waɗanda aka raba da gidajensu. Binciken masana ya nuna cewa bayin da suka bi ta Gore ba su kai na manyan tashoshi irin su Wida da Ikko yawa ba. Ta waɗannan tashoshi biyu ne aka fi fitar da Hausawan da aka kama a yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19, aka kai su Bahiya ta ƙasar Barazil, inda Musulmin bayi suka yi bore a 1835, shekara guda kafin Gawakuke. Ashe ke nan yaƙin da ake yi a nan gida, ƙurarsa tana kaiwa har ƙetaren teku. Faransa ta haramta bauta a ƙasashen da take mulki a shekarar 1848.

Kagarar Estrées da haihuwar Dakar

Tsakanin 1852 da 1856, lokacin da Tsibirin Gobir bai wuce shekara ashirin da kafuwa ba, Faransawa suka gina sabuwar kagara a ƙarshen tsibirin ta arewa, suka sa mata sunan d'Estrées. Zagayayyen gini ne na dutse, mai ɗakuna a ƙasa da wuraren girke igwa a bisa, bakunansu na kallon mashigin jirage. Shekara guda bayan an gama, a 1857, kwamandan Gore mai suna Protet ya haye gaɓa ya kafa tutar Faransa a Dakar. Daga nan fatauci ya soma ƙaura zuwa sabon garin, har ɗa ya shafe uba: a 1902 Dakar ta zama mazaunin Gwamna Janar na Afirka ta Yamma ta Faransa, a 1929 kuma aka haɗe Gore cikin hukumar birnin Dakar.

A wannan tsakanin ne yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906 suka ja layin da ya raba Gobir biyu, Tsibiri da Maraɗi a hannun Faransa, Sabon Birni a hannun Ingila. Tun daga lokacin, takardar haraji da ta ɗibar soja da ta aikin tilas sai ta taso daga Dakar ta biyo ta Damagaram, daga 1926 kuma ta Yamai, ta sauka a hannun kumandan, shi kuma ya miƙa wa sarki. Sarakunan wancan zamani sun zauna tsakanin wuta biyu: Nasara yana neman a cika masa lissafi, talakawa suna neman a rufa musu asiri. Waɗanda suka iya riƙe amanar jama'a cikin wannan hali sun cancanci a tuna da su da addu'a.

Kwana uku na 1940

Igwogin Gore sun yi babbar magana a Yaƙin Duniya na Biyu. Daga ranar 23 zuwa 25 ga Satumba 1940, jiragen yaƙin Ingila tare da mutanen Janar de Gaulle suka nemi kama Dakar daga hannun Gwamna Janar Boisson, wanda yake biyayya ga gwamnatin Vichy. Manyan igwogin da aka girke a tudun Gore da sauran gaɓar, tare da jirgin yaƙi Richelieu, suka mayar da wuta, har maharan suka janye. Sakamakon haka Nijar ta zauna a ɓangaren Vichy har ƙarshen 1942, Nijeriya kuwa tana ɓangaren Ingila, aka tsananta tsaron iyaka. Fataken da suka saba zuwa Katsina da Kano suka shiga ƙunci, ƴan uwa suka koma ziyartar juna a ɓoye. Harbin da aka yi a bakin teku, sai ga zafinsa a kasuwar Maraɗi.

Makarantar da ta rinjayi igwa

A kan wannan tsibiri ne kuma aka ajiye makarantar horon malamai ta William Ponty tun daga 1913, har lokacin da aka mayar da ita Sebikotane gab da Yaƙin Duniya na Biyu. Faransa ta buɗe ta ne don samun malaman lakwal da akawu da tafinta masu yi mata hidima. Amma daga cikinta Bubu Hama ya fito a 1929, ya zama malamin makaranta na farko ɗan Nijar, daga baya shugaban Majalisar Dokoki. Daga cikinta Diori Hamani ya fito, ya zama shugaban ƙasa na farko ranar da Nijar ta sami mulkin kai, 3 ga Agusta 1960. Haka Modibo Keita na Mali, haka Houphouët-Boigny na Kodibuwa, wanda dokar da ta soke aikin tilas a 1946 take ɗauke da sunansa. An gina kagara don tsare mulkin mallaka daga abokin gaba mai zuwa ta teku, ashe masu kawo ƙarshensa suna bayan ganuwa da alli a hannu.

Abin da ya rage, da abin da ya kamata

Kagarar Estrées ta zama gidan kaso na wani lokaci, sa'an nan aka gyara ta, aka buɗe ta a 1989 a matsayin gidan tarihin Senegal. Hukumar UNESCO ta sanya tsibirin cikin wuraren tarihi na duniya tun 1978, kamar yadda ta sanya tsohon garin Agadas a 2013. Mutanen Senegal ba su rushe ginin da aka zalunce su da shi ba, sai suka mayar da shi wurin karantar da ƴaƴansu.

Gobir kuwa da ƙasa ta yi gini, ƙasa kuma ruwa yana cinye ta. Alƙalawa ta zama kufai tun 1808, ambaliyar 1945 ta tilasta wa Maraɗi barin kwari ta hau tudu. Saboda haka tarihin wannan masarauta yana cikin tambura da takubba da tsofaffin takardu, yana kuma cikin ƙirazan dattawa da makaɗan fada, waɗanda kullum raguwa suke yi. Ya kamata wannan biki ya haifar da ɗakin tarihi a fada, a naɗi muryoyin tsofaffi tun suna raye, a rubuta jerin sarakuna da aikin kowace sarauta cikin Hausa da Faransanci, a kuma kai ɗaliban Tsibiri su ga kufan kakanninsu da idonsu. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya.

Allah ya jiƙan magabata, ya ƙara wa Sarki lafiya da adalci, ya ba da damina mai albarka, ya zaunar da Gobir da Nijar baki ɗaya lafiya. Amin.